Ɗigon da Ya Ƙi Bin Layi

Shekara uku ina hawa tudun Valparaíso
da jakar takardu a kafaɗa,
daga ɗakin ajiyar kotu zuwa ɗakina
mai taga ɗaya, mai kallon tashar jiragen ruwa.
Ina ƙidayar waɗanda kasuwa ta kayar:
mai gidan burodi, mai sayar da ragar kifi,
matar da ta buɗe shagon ɗinki da kuɗin sallamar mijinta.
Dubu uku da ɗari biyu da sha ɗaya.
Kowa na tuɓe masa suna, na rataya masa lamba,
na mai da shi ɗigo,
haka ƙa'idar bincike ta ce.

Tambayata ba ta da girma:
in alƙali ya yafe wa mutum bashi,
wata nawa kafin ya sake buɗe ƙofa?
Na zuba alƙaluma, na'ura ta tauna,
ta miƙo mini layi
sambal, kamar igiyar shanya.
Farfesa Rencoret ya zare tabarau ya ce,
"Ximena, wannan sai mujalla."

Sai ɗigo ɗaya.
Can ƙurya, shi kaɗai,
kamar kwale-kwalen da ya tsinke igiya.
Kotu ta wanke shi tas, babu mai binsa ko peso,
amma shekara goma sha ɗaya bai buɗe shago ba.
Mai tantance takarda, wanda ban san fuskarsa ba,
ya rubuto daga wata ƙasa mai nisa:
"Cire wannan. Ko kuskuren magatakarda ne,
ko mutumin bai fahimci doka ba.
Yana karkatar da sakamako."

Ranar Talata na koma, ana yayyafi.
Doña Herminia mai makulli ta sauko da fayil,
ta ce in sa hannu.
Ban kai shafi na uku ba na gane rubutun.
Bakwai mai ɗamara,
tara mai doguwar wutsiya,
hannun da ya koya mini raba lamba a bayan kwalin ashana.
Evaristo Oyarzún, mai sayar da igiya da ƙugiya.

Bayan hukuncin akwai rasit,
tuli, a ɗaure da zaren kamun kifi.
Duk ƙarshen shekara yakan kawo, ya roƙa a sa masa a fayil.
Babu wanda ya tambaye shi.
Ya biya mai masaƙa. Ya biya mai mota.
Ya biya matar wani da ya riga ya mutu.

Ashe shi ya sa takalmina ya yi aji uku.
Ashe shi ya sa dakon dare a tasha,
da bayan nan nasa da ya ƙi miƙewa.
Mu kuwa a gida muna ce masa marowaci.

Na same shi a baranda yana ɓare albasa.
Na ce, "Baba, ai alƙali ya yafe."
Bai ɗago ba.
"Alƙali ne ya ba ni igiyar?"
Ya share ido da gefen hannu, ya ɗora wa albasa laifi.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa,
amma ni na shekara uku ina auna fata.
Ina da gurbin riba, ina da gurbin kadara,
ba ni da gurbin da zan zuba kunya,
ko mutumin da ke son ya bi ta titinsu
ba tare da ya tsallaka ɗaya gefen ba.

Ban cire ɗigon ba.
Layin ya ɗan rusuna, kamar mai gaisuwa.
Na yi masa bayani a ƙasan shafi na sha huɗu,
jimla biyu, babu suna.
Wata biyar ke nan mujalla ba ta ce uffan ba.
Baba kuma, duk Lahadi, yana tambaya
ko su mutanen mujallar suna biya.